Saƙon Takmim: Inda Ya Yi Gaskiya da Inda Zai Iya Kashe Rai

Tun ƙarshen damina wani saƙon murya yake yawo a wayoyin mutanenmu, daga Makwar zuwa Mai Wurno, ya ratsa ƙauyukanmu na Jazira, ya ƙetara ga 'yan'uwanmu da yaƙi ya kora Alkahira da Jidda, sa'an nan ya komo mana ta hannunsu da ƙarin gishiri. Mai maganar bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatun likitanci ba, amma ya cika murya yana rantsuwa a kan tiyatar rage tumbi, wadda a nan muke kira takmim, yana kuma roƙon duk wanda ya ji ya tura wa goma don Allah. Suratul Hujurat ta hore mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma abin baƙin ciki ne ƙwarai a ce waɗanda suka haddace ta tun suna allo su ne suka fi saurin danna wayar. Waɗanda suka gaskata kuwa ban ga laifinsu sosai ba, domin uwar da aka ce za a yanke wa 'yarta tumbi dole hankalinta ya tashi, kuma mai tsoro duk abin da aka miƙa masa kamawa yake yi.

Aikin da ake magana a kansa shi ne likita ya huda ciki ƙananan hudoji, ya cire wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, ya ɗinke abin da ya rage da jerin ƙananan maƙalai na ƙarfe, har tumbin ya koma siriri, ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofin shayi guda a farkon al'amari. Akwai kuma ɗan'uwansa da Larabawa ke kira tahawil masar, inda ake karkatar da hanyar abinci ta tsallake wani sashe na hanji. Ba kowane mai jiki ake yi wa ba. Likitoci suna da ma'auni na nauyi da tsawo, wanda suke kira BMI. Macen da tsawonta mita 1.6 ne, nauyinta kilo 100, ma'auninta ya kai 39. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce sai ma'aunin ya kai 40, ko 35 in akwai ciwon sukari ko hawan jini, sa'an nan a 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta ta zuwa 35, ko 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa.

Da yawa daga cikin abin da saƙon ya ƙunsa ba ya bukatar dogon jawabi. Ya ce aikin haramun ne domin canza halittar Allah ne; malamai masu fatawa sun daɗe da bambanta yanka don ƙawa da yanka don lalura, kuma wanda ƙiba ta hana shi sujada, sukari na cin idonsa, yana cikin babin neman magani. Ya ce macen da aka yi wa ba ta ƙara haihuwa. Akasin haka ma aka fi gani, shi ya sa likitoci ke cewa a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, har nauyi ya tsaya. Ya ce ba wanda ke wuce shekara biyar a raye. Ajali na Allah ne, amma binciken da aka fara a Suwidin a 1987 a kan mutum fiye da 4,000, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2007, ya nuna mace-mace sun fi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa tiyata bisa takwarorinsu da ba a yi wa ba.

Adalci kuma ya wajabta a faɗi inda ya yi gaskiya. Gashi yakan zube daga wata na uku zuwa na shida, galibi ya sake tsirowa. Wasu sukan sami tsakuwar matsarmama saboda saurin ramewa, wasu ƙwannafi ya dame su bayan takmim, wasu kuma wani ɓangare na nauyin ya komo musu bayan shekaru. Ana mutuwa a dalilin aikin, ko da yake a wuraren da suka ƙware abin bai kai mutum 1 cikin 200 ba. Wanda ya ce wa iyalinsa babu hatsari ko kaɗan ya yaudare su.

Amma magana ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ita ce mai iya kai mutum kabari, kuma ta fi sauran shiga zuciya saboda ta zo cikin rigar tausayi. Mai saƙon ya ce ruwa-ruwan da likitoci ke ɗora majinyaci a kai horon yunwa ne, cewa idan ba a gaggauta buɗe sabon tumbin da asida ko kisra ba zai manne ya toshe, cewa aman da ke biyo baya alama ce ta ciki yana wanke kansa, kuma ƙwayoyin bitamin dabarar cin kuɗi ce, zuma da habbatus sauda sun wadatar. Wannan batil ne tun daga tushe, kuma a nan ina magana da yaƙini.

Tumbin da aka ɗinke ba ya mannewa don an ba shi ruwa. Abin tsoro shi ne ɗinkin ya ɓalle. Duk wanda ya taɓa noman hawasha, wato gonar ban ruwa, ya san abin da ke faruwa idan aka saki ruwa da ƙarfi a kan gaɓar da aka ɗaga jiya, laka ba ta kama ba. Ɗinkin nan yana bukatar makonni kafin ya yi ƙwari, shi ya sa aka tsara abinci mataki-mataki: kimanin mako biyu na ruwa zalla, romo tatacce da nono da kunu mai tsinkewa ba sukari, sa'an nan abin da aka dama ya yi laushi, sa'an nan mai taushi, sai wajen mako shida zuwa takwas a soma kusantar abincin gida, loma ƙarama, tauna mai yawa. Idan ɗinkin ya yi yoyo, abin da ke cikin tumbi yakan zuba cikin kogon ciki ya zama ruɓa, alamominsa kuwa zuciya ta riƙa bugawa fiye da sau 120 a minti, da zazzaɓi, da numfashi sama-sama, da ciwo a kafaɗar hagu. A ƙasarmu ta bakin kogi, inda kowane zazzaɓi sunansa maleriya, nan ne hatsarin ya ninka: a sayo maganin sauro a kanti, a ce a jira kwana uku a gani, alhali kowace sa'a tana da daraja. Wanda aka yi wa takmim cikin wata guda, in ya yi zazzaɓi da bugun zuciya, asibitin da ke da likitan tiyata za a nufa da shi a daren, ko da gwajin maleriya ya nuna akwai ta.

Batun amai ya fi wannan ɓoyuwa. Jikin ɗan Adam ba ya ajiye bitamin B1 sai na mako biyu zuwa uku. Majinyacin da ke amai kullum, ba ya riƙe abinci, ba ya shan ƙwayoyinsa, ajiyar nan takan ƙare, sai a ga yana tangaɗi, idanunsa suna rawa ko yana ganin abu biyu-biyu, yana ruɗewa da mantuwa, ƙafafunsa suna mutuwa. A gidajenmu irin wannan sai a ce iska ce ko sammu, a tafi neman rubutu, alhali ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, kuma lalacewar takan zama ta har abada idan aka makara, ga shi kuwa allurar da ke tare ta ba ta da tsada. Addu'a da ruƙiyya ba su hana allura. Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowane miji ya sani: mutanenmu suna son ƙarin ruwa, da an ga rauni sai a ce a sa masa dirib, amma ruwan sukari idan aka ɗaura shi ga mai ƙarancin B1 ba tare da an ba shi bitamin ɗin ba, yakan tsananta cutar. Zuma abinci ce mai albarka, sai dai ba za ta maye gurbin B1 da B12 da sinadarin ƙarfe da na ƙashi ba, waɗanda mai wannan tiyata zai riƙa sha shekara da shekaru, mai tahawil kuwa har ƙarshen rayuwa; zaƙi mai yawa ma yakan jawo masa jiri da gumi da gudawa.

Abin da ya sa wannan ƙarya ta fi yi mana illa bisa wasu shi ne halin da muke ciki. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitocin Khartum da na Madani suka shiga abin da suka shiga, mai hali Alkahira yake zuwa a yi masa aiki, ya komo ƙauye likitansa yana wata ƙasa. Daga ranar da ya sauka, masu jinyarsa su ne matarsa ko mijinta, da uwa, da suruka, da maƙwabta masu zuwa dubiya. Mu kuwa, jikokin waɗanda suka biyo Sarki Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, ba mu san dubiya hannu rabbana ba. Na ga wata dattijuwa ta shigo da kwano rufe da faifai, asida ce da miyar kuɓewa tana tururi, ta zauna a bakin gado ta gutsuro loma da hannunta tana cewa, "Haba 'yar nan, ko loma uku ki daure, ki ji ƙarfin jikinki." Mijin majinyaciyar ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ki yi mini afuwa, likita ya hana sai bayan mako shida." Ranta ya ɓaci, ta ce ita ta raini 'ya'ya tara ba da takardar likita ba. Ba mugunta ta kawo ta ba, ƙauna ce, kuma da wuya ɗa mai kunya ya tare ƙauna a bakin ƙofa.

Saboda haka shirin iyali ya kamata ya fara tun kafin a sayi tikiti. A tara manyan gida a yi musu bayani a gaban majinyacin, a ba Gwaggo aikin da zai riƙe ta, ita ce mai dafa romo da tace shi, ita ce mai tuna wa 'yarta kurɓar ruwa, domin ana bukatar wajen lita ɗaya da rabi a yini, kurɓi-kurɓi, kuma a zafin bazarar Sinnar rashin ruwa shi ne abin da ya fi saurin mayar da mutum gadon asibiti. Mijin da zai zauna yana cin agashe a gaban matar da ke shan romo ya sake tunani, yara kuma a gaya musu gaskiya gwargwadon hankalinsu. Mai shan taba ko tumbak ya bari makonni kafin aikin. Mai ciwon sukari ya tambayi yadda za a rage masa magani, don sukarin yakan faɗi da wuri, tsohon awon kuma ya zama guba. A nisanci magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, masu jawo gyambon ciki. Azumin Ramadan na farko bayan aikin likitoci galibi sukan hana shi, shari'a kuma ta yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, don haka kada a bar kunyar mutane ta sa shi ɗauka.

Kada a yi gaggawar barin garin da aka yi aikin sai likita ya sallama, a kuma sayo bitamin na watanni tun daga can, tun da ba kullum ake samunsu a kantunanmu ba. A roƙi likitan ya rubuta takarda da Larabci mai bayyana irin aikin da ya yi da ranar da ya yi shi, da gargaɗin B1 kafin ruwan sukari, da lambar da za a same shi. A ajiye ta inda kowa a gidan ya sani, a kuma yi magana tun yanzu da mai motar da za a tasa in dare ya yi.