Daga Sakandare Zuwa Gaba: Yadda Ake Shirya Ɗalibai a Yola da Jimeta

Shirya ɗalibin sakandare domin karatun gaba ko sana'a aiki ne mai sassa uku: zaɓen darussan da suka dace da burinsa, sanin ƙa'idojin jarrabawa da neman gurbi, sai kuma sanin hanyoyin da ke buɗe idan jami'a ba ta samu ba. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi malamin ba da shawara a makarantun sakandare domin wannan aiki. A makarantun gwamnati na Yola da Jimeta, tun daga tsofaffi irin su Kwalejin Janar Murtala Mohammed da Kwalejin Aliyu Musdafa har zuwa makarantun jeka-ka-dawo na unguwanni kamar Doubeli, Luggere da Karewa, buƙatar ta fi tsanani, domin ɗalibai da dama su ne na farko a gidansu da za su nemi shiga babbar makaranta.

Mataki mafi nauyi shi ne shiga ajin farko na babbar sakandare, wato SS1. Nan ake raba yara zuwa kimiyya, adabi ko kasuwanci, kuma abin da yaro ya ɗauka a nan shi zai bi shi har ranar cike fom. Mai son likitanci dole ya riƙe kimiyyar halittu, kimiyyar sinadarai da fiziks. Mai son injiniyanci ba zai rabu da lissafi da fiziks da sinadarai ba. Mai son zama lauya yana buƙatar kiredit a adabin Turanci, darasin da yara kan guje wa saboda yawan littattafan karantawa, sai an kai SS3 su gane ƙofar da suka rufe wa kansu. Sau da yawa rabon ba ya bin ra'ayin yaro ko ƙarfinsa. Wani ya bi abokinsa, wani mahaifi ya ce sai likita, wani kuma an tura shi ajin adabi ne kawai don ajin kimiyya ya cika. Tun ran gini ran zane: shawarar da aka jinkirta har shekarar ƙarshe ta riga ta makara.

Bayan haka sai jarrabawar kammalawa, ta WAEC ko NECO, ko NABTEB ga 'yan kwalejin fasaha. Abin da jami'o'i ke nema shi ne kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, da kuma lissafi ga yawancin kwasa-kwasai, a zama ɗaya ko biyu, ko da yake wasu kwasa-kwasai masu tsananin gasa kan nace sai zama ɗaya. Gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri, wadda ta hau mulki a 2019, ta ayyana karatu kyauta a makarantunta tare da ɗaukar nauyin kuɗin jarrabawar kammalawa. Wannan ya sauke wa iyaye kaya babba, amma biyan kuɗi ba ya gaya wa yaro darasin da ya kamata ya rubuta.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ce ƙofar shiga jami'a, kwalejin kimiyya da fasaha da kwalejin ilimi. Ana rubuta darussa huɗu, Turanci dole ne a cikinsu, jimillar maki 400. Tun 2015 jarrabawar ta koma ta kwamfuta baki ɗaya, tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN. Kowanne daga cikin waɗannan sauye-sauye yana da tarko. Akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan kwamfuta; yana laluben yadda zai wuce tambaya ta gaba, agogon da ke saman allon yana ta raguwa. Akwai yarinyar da sunanta a NIN ya zo Aishatu, a takardar WAEC kuma Aisha, ko ranar haihuwa ta saɓa, gyaran ya cinye mata makonni da kuɗin mota. Abin da ya fi ɓata rai shi ne yadda mai shagon intanet kan zama mai ba da shawara. Layi ya yi tsawo, zafin Jimeta ya dami kowa, ya ɗago ya ce, “Ƙanwata, wane kwas zan sa miki?” Ita kuma ta ce, “Sa duk wanda ya fi sauƙin samu.” A minti biyu an yanke abin da ya kamata a shekara ana tunani a kai.

Cin jarrabawa ma ba shi ne samun gurbi ba. Kowace makaranta na da makinta na shiga, da yawa kuma suna sake tantancewa. Tun 2017 ana ba da gurbi ta manhajar CAPS, inda dole ɗalibi ya tabbatar an ɗora sakamakonsa, sannan ya shiga da kansa ya karɓi tayin. A jami'o'in tarayya ana raba guraben ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, Adamawa kuma tana cikinsu. Ɗalibin da ya san wannan zai zaɓi makaranta da lissafi, ba da farin jinin suna ba.

Ɗalibin Yola bai rasa wuraren zuwa ba. Jami'ar Modibbo Adama da ke Girei ta faro ne a matsayin jami'ar fasaha ta tarayya, daga baya aka faɗaɗa ta zuwa jami'a mai koyar da fannoni daban-daban, har da asibitin koyarwa. Akwai Jami'ar Jihar Adamawa a Mubi, akwai Jami'ar Amurka ta Najeriya da Atiku Abubakar ya kafa, ko da yake kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidaje sai da tallafi. Sai Kwalejin Ilimi ta Tarayya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jiha da Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma, duk a Yola. Raina waɗannan kwalejoji kuskure ne. Mai difloma ko takardar shaidar malanta ta NCE da sakamako mai kyau na iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, yana riƙe da takardar da zai ci abinci da ita. Ta fuskar kuɗi, asusun lamunin karatu na NELFUND ya fara aiki a 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati.

Ba kowa ne zai bi hanyar digiri ba, kuma shawara ta gaskiya ba ta ɓoye wannan. Gyaran waya, haɗa wutar sola, walda, ɗinki, sarrafa kifin Binuwai da noman rani duk sana'o'i ne masu kasuwa a Jimeta, kuma yaron da ya koye su da takardar shaida a hannu ya fi wanda ya shekara huɗu yana maimaita JAMB.

Babbar matsalar ita ce malamin ba da shawara, inda ma akwai shi, galibi yana ɗauke da darussan koyarwa kamar kowa, ofishinsa kuma kan koma wurin ladabtar da masu laifi. Gyaran ba ya buƙatar sabon gini. A rage wa malamin nauyin aji, a kira iyaye zama kafin raba yara a SS1, a duba sunan kowane ɗalibi a NIN tun yana SS2, a ba shi damar gwada jarrabawar kwamfuta kafin ranar, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma su riƙa turo nas, injiniya da mai walda su yi wa yara bayanin aikinsu. Duk wannan yana cikin ikon shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma ana iya fara shi a zangon karatu mai zuwa.