Gahawa kala uku a kan tabarma ɗaya

Shekara tara ina aikin jinya, kuma duk daren da aiki ya faɗo kaina, abin da ke riƙe ni shi ne kofin leda: a yaga, a zuba ruwan zafi, a cika sukari da madara don a kashe ɗacin. Ban taɓa ɗaukarsa abin marmari ba. Magani ne na barci, kamar yadda direbobin tashar Talata Mafara ke tauna goro.

Sai bana abubuwa biyu suka haɗu a gidanmu. Gwaggona ta Bakura ta dawo daga Hajji da garin gahawar Saudiyya, yayana kuma ya dawo daga Gembu da ƙullin ɗanyen 'ya'yan gahawa, kore-kore, masu warin ciyawa. Da yawanmu ba mu san ana noma ta a ƙasar nan ba. Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, saboda tudu da sanyinsa, yana fitar da irin da ake kira arabika, wanda asalinsa daga Habasha ne. Shi kuwa kofin leda da na gwangwani, galibi da ɗaya irin ake yin sa, wato robusta, wanda ya fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin da ke cikinsa ya kusa ninka na arabika.

Ranar wata Talata na tara su: Gwaggo, matar ƙanena mai cikin wata shida, da wata abokiyar aikina da ta taso daga Maradun da sassafe don ta koma kafin la'asar. Kun dai san halin hanya.

Suyar ce ta fi ba ni wahala. Na raba 'ya'yan Mambila gida biyu, na sa kasko a kan garwashi ina juyawa ba tsayawa. Bayan kamar minti goma suka fara ƙara irin ta gugguru. Kashi na farko a nan na sauke shi, yana da launin soyayyar gyaɗa. Na biyu na bar shi har ya yi baƙi yana ƙyalli da mai, hayaƙi ya cika tsakar gida, Gwaggo tana tari tana tambayar wa ya ƙona tuwo. Na daka kowanne a ƙaramin turmi, ba lukui ba, kamar tsakin masara. Ki wanke turmin sosai tukuna, uwargida, in ba haka ba yajin jiya zai bi ki har cikin kofi.

Awon da na yi: babban cokali biyu a cike ga kofi ɗaya na ruwa. Idan ruwan ya tafasa a sauke shi ya huce na kusan minti ɗaya, a zuba a kan garin, a rufe minti huɗu, a tace da farin ƙyalle mai tsabta. Sharaɗina ɗaya ne, kurɓar farko ba sukari.

Ta Saudiyya muka fara sha, da dabino, a ƙananan finjalai. Ita tafasa ta ake yi, launinta ruwan ɗorawa ne don ba a soya ta sosai ba, kuma ƙamshin hel, ƙwayar nan da Larabawa ke sa mata, shi ke fara dukan hanci. Daɗi kam akwai, amma a ganina hel ɗin muke sha, gahawar tana can baya a ɓoye.

Da aka zo kan baƙar Mambila, Gwaggo ta kurɓa ta ajiye. "Ke ɗiyag ga, wanga ai magani na, ba abin sha ba." Gaskiyarta. Ɗanɗanon gawayi ne zalla, bai fi na leda da komai ba. Na ƙona ta da hannuna.

Mai sauƙin suyar ce ta sa muka yi shiru. Ɗacinta kaɗan ne, akwai ɗan tsami mai daɗi kamar na tsamiyar da ba ta jiƙu sosai ba, kuma da ta fara hucewa sai wani zaƙi-zaƙi ya fito a bayan harshe. Ƙawata ta Maradun ta rantse na ɗiga mata zuma. 'Ya'ya ɗaya, ruwa ɗaya, kasko ɗaya. Bambancin 'yan mintoci ne a kan wuta.

Matar ƙanena ta miƙo kofi a ƙara mata, tana cewa ai wannan ba ta da ƙarfi. A nan na koma malamar asibiti. Rashin ɗaci ba ya nufin rashin kafeyin. Suya kaɗan ko da yawa ba ta rage shi a zo a gani. Kofi ɗaya irin wanda muka tace yana ɗauke da kusan miligiram 100. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016 kan kula da masu juna biyu, ta ce mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Lissafin kuma ba na gahawa kaɗai ba ne. Shayin safe yana ciki, goro yana ciki, haka lemon kwalba baƙi. Ita kuwa na san ba ta rabuwa da goro tun da cikin ya shiga.

Abin da ya fi damuna ma wani ne. Gahawa da shayi suna hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe daga abinci, alhali ƙarancin jini shi ne abin da muka fi gani a wurin awo. Mace za ta karɓi ƙwayar ƙarin jini, ta kora ta da shayi, sannan wata mai zuwa a auna a ga jinin bai motsa ba. A sha ƙwayar da ruwa, a bar aƙalla awa ɗaya zuwa biyu tsakanin abinci da gahawa ko shayi. Mai yawan bugun zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba, ya fara tambayar likitansa.

Ni ma ban tsira ba. Kafeyin na ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin da nake sha ƙarfe huɗu na asuba a wurin aiki shi ne ke hana ni runtsawa idan na dawo gida da hantsi. Yanzu tun farkon dare nake shan nawa, guda ɗaya, a filas.

Matar ƙanena rabin finjali ta samu. Sauran garin mai sauƙin suya kuwa Gwaggo ta ƙulle shi a bakin mayafi ta tafi da shi Bakura, ta bar mini baƙin.