Gadar Da Ke Cikin Laka

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ran Alhamis, in ya tsaya gun mahauta, zai ga wata farar igiya mai taushi cikin ƙashin bayan saniya. Ita ce laka. Ta ɗan Adam tsawonta kamar inci 18 ne, kaurinta kamar ɗan yatsa, jijiyoyi 31 kuwa ke fita ta kowane gefenta.

In an yanka ta a gicciye, sai a ga fari ya kewaye wani abu ruwan toka mai siffar harafin H. Ƙafafun harafin su ne sashen dama da na hagu, sandar tsakiya kuwa ita ce gadar da ta haɗa su. Tsakiyar gadar akwai wata 'yar kafa kamar ta allura, mai ɗauke da ruwa irin wanda ya kewaye ƙwaƙwalwa. A farkon shekarun 1950 wani masanin ƙasar Suwidin, Bror Rexed, ya kasa ruwan tokan nan kashi 10, na goman shi ne kewayen kafar.

To, dab da gaban gadar nan ne zaren jijiyoyi masu kai labarin ciwo da zafi da sanyi ke ƙetarawa, na dama su koma hagu, na hagu su koma dama, kana su haura ƙwaƙwalwa. In ruwa ya taru, kafar ta kumbura wajen wuya, sai ta danne su. Mutum ya riƙa jin taɓawa sarai, amma wuta ta ƙona hannuwansa biyu bai sani ba.

Nan fa hatsarin yake. Da an ga mai gyambon ƙuna wanda ba ya jin zafi, sai a ce kuturu ne, a guje shi. Alhali kuturta ƙwayar cuta ce mai cin jijiyoyin fata da gaɓoɓi, tana kuwa warkewa da magani. Wannan kuwa ciwon laka ne, ba ya yaɗuwa, wani lokaci sai an yi aiki. Likita ne kaɗai ke rarrabe su.

Saboda haka malaman makaranta da ma'aikatan ƙasar Gumel, daga Gagarawa har Sule Tankarkar, in kun ga yaro ko babba yana ƙonewa bai ankara ba, ku kai shi Babban Asibitin Gumel tun hannuwan ba su lalace ba. Allah Ya kiyashe mu, amin.