Kai Iyali Ziyarar Birnin Shehu da Ɗan Guzuri

Da yawa daga cikinmu mutanen Talata Mafara da Bakura da Maradun mun sha zuwa Sakkwato. Wani asibiti ya kai shi, wani saro kaya, wani rakiyar ɗa zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, manyanmu kuwa can suke bin takardunsu kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996. Amma 'yan ƙalilan ne suka taɓa ɗaukar uwargida da yara takanas don su ga garin, su san abin da ya ƙunsa. Da an ce yawon buɗe ido, wato fita don ganin wurare da ƙaruwa da ilimi, sai mu ɗauka harkar Turawa ce ko ta masu hannu da shuni. Rashin sanin yadda ake shirya abin ne ya sa muke masa kallon tsada.

A ƙasar Italiya, wadda muka san mutanenta ta hanyar kamfanin Impresit da ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a shekarun 1970, iyalai masu matsakaicin ƙarfi kan fita ƙarshen mako zuwa tsofaffin biranensu. Gwamnati ta sauƙaƙa musu: yaron da bai kai shekara 18 ba ba ya biyan kuɗin shiga gidajen tarihinta, ranar Lahadin farko ta kowane wata kuma kowa kyauta yake shiga. Sun fahimci cewa yaron da ya ga tarihin ƙasarsa da idonsa yana riƙe shi. Mu ma muna da birni irin wannan, tafiyar kusan awa biyu daga Mafara idan hanya ta yi kyau.

Muhammadu Bello ne ya kafa Sakkwato a 1809, shekara biyar bayan hijirar mahaifinsa Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu. A nan Shehu Usmanu ya ƙare rayuwarsa a 1817, kuma a gidan da ya zauna aka binne shi, wurin da ake kira Hubbare. Tsakiyar tsohon garin a haɗe take: Hubbaren, da Masallacin Shehu, da Masallacin Sarkin Musulmi Bello, da fadar Sarkin Musulmi, duk ana iya zagaya su da ƙafa ko da ɗan kuɗin keke napep. Ganuwar ta rushe, amma sunayen ƙofofin suna nan a bakin mutane, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku. Yaro zai ji daɗin tambayar me ya sa ake ce wa wuri ƙofa alhali babu ƙyaure, kuma daga wannan tambayar darasi ke farawa.

Wannan tarihi namu ne kai tsaye. Tun kafin jihadi, Shehu ya shafe kimanin shekara biyar yana wa'azi da karantarwa a ƙasar Zamfara. Idan uba ya tsaya da ɗansa a Hubbare ya gaya masa cewa mai wannan kabari ya taka ƙasarmu, ya karantar da kakanninmu, to ya ba shi abin da zai daɗe yana tunawa. Haka ma 'ya'ya mata. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da mahaifinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'yan taru, inda shugabar mata da ake kira jaji kan jagoranci matan ƙauye zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma su koyar. Yarinyar Bakura da ake ta ja-in-ja a kan ci gaban karatunta ta cancanci ta ji wannan labari tana tsaye a inda abin ya faru.

Akwai kuma Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, inda aka adana tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu, da wasiƙun sarakuna, da kayan yaƙi da na sarauta. Ma'aikatar gwamnati ce, don haka a tambayi lokacin buɗewarta tun daga gida, kada a je ranar hutu a tarar da ƙofa a rufe. Mai sauran lokaci ya nuna wa yara Giginya, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya fuskanci sojan Ingila a watan Maris na 1903.

Dalilin da ya sa wannan magana ta fi muhimmanci a yanzu ba ɓoyayye ba ne. Yaranmu sun tashi cikin shekarun da labarin ƙasarsu a rediyo da waya bai wuce hari da garkuwa da gudun hijira ba. Yaron da bai taɓa jin an ambaci yankinsa da alheri ba yana iya ɗauka haka muke tun asali. Muna da haƙƙin nuna masa cewa ƙasar nan ta fitar da malamai da marubuta da masu sana'ar da fatar jar akuyarsu ta ƙetare Sahara ta kai kasuwannin Turai. Ga kuma hutun da uwa take samu, wadda wataƙila rabonta da fita garin tun bikin wata 'yar'uwa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ne ke tsorata mu. Abubuwa uku ke cinye aljihun matafiyi: mota, masauki, da abinci. Na mota ba makawa, amma ana iya tara shi a hankali, ko ta adashi, a sa ran bayan kaka lokacin da amfanin gona ya shigo. Lokacin ya dace ta wata fuskar ma, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu garin na da sanyi, saɓanin bazara da zafi kan haura digiri 40, wanda ba na yawo da ƙananan yara ba ne. Masauki kuwa, da wuya a samu gida a yankinmu da ba shi da dangi ko aboki a Sakkwato. A sanar da su da wuri, a riƙa musu 'yan kwanonin shinkafar Bakolori, a yi kwana ɗaya ko biyu a tashi tun ba a zama nauyi ba. An jefi tsuntsu biyu ke nan, an ga gari an kuma sada zumunci. Abinci a yi guzurinsa daga gida: dambu, hoce, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, ruwa a gora. Abin da za a saya a can ya zama na marmari, fura da nono da rana, ɗan tsire da dare. A ware canji don sadaka a ƙofar Hubbare, da ɗan abin da yaro zai sayi ƙaramar jakar fata ta tsaraba.

Kada a cika jadawali. Wuri biyu a yini sun isa, a huta tsakanin azahar da la'asar. A koya wa yara ladabin ziyara kafin a isa: a tuɓe takalmi inda ake tuɓewa, a sassauta murya, a yi wa mamata addu'a, a nemi izini kafin ɗaukar hoto.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce, kuma ita ce ke gaban komai. A shiga mota a tasha, a bar tare ta bakin hanya. A tashi da hantsi, a tabbatar an sauka kafin la'asar, zuwa da dawowa. A tambayi direbobi halin da hanya take ciki a ranar, musamman tsakanin Lambar Bakura da Tureta, domin su ne ke bin ta kullum. Wurno, inda kabarin Bello yake, da kufan Alƙalawa a gabashin Sakkwato, wurare ne masu daraja, amma a bar su sai hankali ya kwanta. In kuwa aka wayi gari da labari marar daɗi, a ɗage tafiyar zuwa wani mako, a ajiye kuɗin motar inda ba za a taɓa shi ba.