Zanen Toka a Kan Fili: Yadda Waya Ke Ɗora Hoto a Kan Zahiri

Idan kaka ta yi a ƙasar Karaye da Rogo, aka kai masara da dawa kasuwa, masu rake suka fara ganin kuɗin mazarƙwaila, sai ka ga yashi da bulo sun fara taruwa a bayan gari. A Yammedi ko Kwanyawa ko Zarewa, duk inda za a tayar da sabon gida, magini ba ya farawa da bulo. Zai zo da tef da igiya da 'yan turaku da kwanon toka. Ya zagaya filin, ya dubi katangar maƙwabci, ya lura da inda ruwa ke bi da damina, sannan ya kafa turken farko. Ya ja igiya, ya auna ƙafa 3 ta wannan gefe, ƙafa 4 ta wancan, in tsakaninsu ya ba da 5 to kusurwa ta daidaita. Yaronsa na biye da shi yana zuba toka a ƙarƙashin igiya. Kafin azahar mai gida zai tsaya a tsakiyar fili, magini yana nuna masa: "Alhaji, nan ne zaure, nan ɗakin uwargida, can kuma rijiya." Ko bulo ɗaya ba a ɗora ba, amma Alhaji ya ga gidansa, har yana cewa a ƙara wa zaure faɗi.

Duk wanda ya fahimci wannan aiki ya kama hanyar fahimtar fasahar da ake kira AR, wato ɗora hoto ko rubutu na kwamfuta a kan abin da ido ke gani a zahiri. Filin yana nan yadda yake, da ciyawarsa da tsakuwarsa, an dai shimfiɗa masa bayanin da ba ya ɗauke da shi a da. A nan ta bambanta da 'yar'uwarta VR, wadda ke rufe idon mutum ruf ta kai shi wata duniya ta daban. AR ba ta raba ka da inda kake tsaye.

Abin ya daɗe fiye da yadda ake zato. A 1968 Ivan Sutherland ya haɗa wani gilashi a Jami'ar Harvard ta Amurka, a rataye daga rufin ɗaki, wanda ke nuna wa mai sanye da shi zanen akwati yana tsaye a sarari. A 1990 Tom Caudell, injiniya a kamfanin jiragen sama na Boeing, ya raɗa wa fasahar suna. Matsalar da ya so warwarewa ta masu aikin hannu ce: ma'aikata suna shirya damin wayoyin lantarkin jirgi a kan manyan alluna, kowane jirgi da nasa tsarin. Sai ya yi tunanin gilashin da zai zana wa ma'aikaci hanyar kowace waya a kan allon da ke gabansa. Tun asali ke nan don sauƙaƙa wa mai sana'a aka yi ta, wasa daga baya ya shigo.

To yaya wayar hannu ke yin wannan aiki? Matakanta ba su yi nisa da na magini ba.

Da farko tana duba fili. Kyamara na ɗaukar hotuna kamar 30 zuwa 60 a daƙiƙa ɗaya, manhaja kuma na lalube a cikin kowane hoto tana neman wuraren da suka fita daban: kusurwar ƙofa, tsagar bango, bakin tabarma, ɗigon fenti. Waɗannan su ne turakunta, kuma takan kafa ɗaruruwansu. Da ka motsa hannu, sai ta lura cewa turakun kusa sun gusa da yawa, na nesa sun gusa kaɗan. Daga wannan bambanci take lissafa nisan kowane abu, ta gane ina ne ƙasa, ina ne bango, ina kuma ita kanta take a tsakaninsu.

Na biyu, tana tabbatar da daidaito. A cikin waya akwai 'yan mitsi-mitsin na'urori: ɗaya na jin motsi da janyowar ƙasa, don haka ta san ina ne sama ina ne ƙasa, ɗaya na jin juyawa, ɗaya kamfas ce mai nuna arewa, ga kuma GPS mai faɗin inda kake a doron duniya. Abin da ido ya gani da abin da waɗannan suka ji, manhaja ke haɗawa, kamar yadda magini ba ya yarda da idonsa kaɗai sai ya ɗora ma'auni.

Na uku, ta zuba toka, wato ta zana hoton a daidai gurbinsa da girmansa. A nan ne ta fi magini shan wahala. Shi sau ɗaya yake zanawa, fili kuma ba ya motsi. Ita kuwa hannunka na rawa, kana taku kana juyawa, dole ta goge ta sake zanawa a kowane hoto. In ta makara ko da ƙiftawar ido ce, sai ka ga hoton yana shawagi, ya ƙi zama wuri ɗaya. Sannan dole ta san abin da ke gaba da abin da ke baya: in akuya ta ratsa ta kan zanen toka, jikinta ne ke rufe layin, ba layin ke hawa kanta ba. A 1998, lokacin da aka fara shimfiɗa layin rawaya a fili a wasan ƙwallon Amurka na talabijin, an koya wa kwamfuta ta zana a kan launin ciyawa kawai ta tsallake jikin 'yan wasa. Kamfanin Apple ya fitar da ARKit, manhajar da ke yi wa waya wannan aiki, a 2017, Google ya biyo da tasa, ARCore, daga nan wannan lissafi ya shiga wayoyin talakawa.

Mutanenmu sun riga sun saba da AR. Matasan da ke cika gidan kallo a Karaye ranar wasan Firimiya suna gardama a kan layin satar gida da ake ja a fuskar talabijin, alhali babu wannan layi a kan ciyawar Ingila. 'Yan mata masu ɗora wa fuskarsu kwalliya ko furanni a Snapchat, wanda ya kawo wannan salo a 2015, manhaja ce ke kafa turaku a kan ido da hanci da leɓe, shi ya sa kwalliyar ke bin fuska duk inda ta juya. Mai riƙe da kwalbar maganin feshi da aka rubuta da Sinanci yana iya haska ta da kyamarar Google Translate, fassara ta hau kan rubutun. A azumin 2017 kuma Google ya fitar da Qibla Finder: ka ɗaga waya, alama ta bayyana a kan abin da kyamara ke gani tana nuna maka Ka'aba. Daga yankinmu alƙibla na kimanin digiri 68 daga arewa, wato gabas mai ɗan karkata arewa.

Sai dai duk magini ya san cewa in yaro ya tuge turke ɗaya ya mayar da shi ba daidai ba, ɗaki zai fito a karkace, komai kyan tokar. Haka waya take. A cikin duhu, ko gaban farin bango sumul, ba ta samun abin kamawa. Kamfas ɗinta kuwa ƙarfe na ruɗa shi: tsaya kusa da babur ko ƙofar ƙarfe ko tarin rodi, kibiyar alƙibla na iya kaucewa, kuma za ta nuna maka kuskuren da cikakkiyar natsuwa. Don haka matafiyi ya fita sarari, ya juya wayar kamar yana rubuta lamba 8 a iska don kamfas ya daidaita, in kuma akwai masallaci a kusa ya gwada da shi. Haka mai neman aure ya tuna cewa hoton da manhaja ta gyara zanen toka ne, ganin ido da Musulunci ya halatta shi ne abin dogaro.

Inda nake ganin babban amfanin wannan fasaha gare mu shi ne gona. Tun 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a Najeriya, manoma ke asara saboda rashin gane ta da wuri. Akwai manhajar Nuru, wadda masana na Jami'ar Penn State suka haɗa tare da cibiyar binciken noma ta IITA da hukumar abinci da noma ta FAO: ka haska ganyen rogo ko masara, ta zagaye wurin da ta ga alamar cuta ko ɓarnar tsutsa a fuskar wayar, kuma ba sai da intanet ba. Ga mai noman rani a gefen madatsar Challawa, wanda zai yi wata bai ga malamin gona ba, wannan ba ƙaramin taimako ba ne.

Amma manhaja ba ta sanin abin da ba a koya mata ba. Wadda aka horar da hotunan gonakin wata ƙasa tana iya rikicewa a gaban dawarmu da rakenmu da hasken ranarmu. Wannan aikin namu ne, ba mai zuwa ya yi mana. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Bayero da ta Wudil, musamman 'ya'yan Karaye da Rogo da ke cikinsu, su zo hutu da wayoyinsu su zauna da tsofaffin manoma da makanikai da ungozomomi, su ɗauki hotuna, su rubuta sunan kowace cuta da kowane sashen injin ban ruwa da Hausa, su sa murya don wanda bai iya karatu ba. Ƙananan hukumomin biyu kuma su taimaka da wurin caji da kuɗin data. Kayan aikin suna nan kyauta ga mai son koyo, ilimin da za a ɗora a kai kuwa yana hannun iyayenmu, kuma ya kamata a tattara shi tun suna raye.