Sauraren Karatu A Wurin Aiki: Wa Za Mu Ba Kunnenmu?

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko Kasuwar Kurmi da hantsi zai ji karatu yana tashi daga rumfuna, haka kuma a ofisoshi za a ga ma'aikaci da waya a gefen teburinsa yana sauraren Riyadus Salihina ko Ashafa. Wannan abu yana da asali. Tun a 1961 Shaihu Mahmud Khalil Husari na Masar ya ɗauki Alƙur'ani sukutum a faifai da ruwayar Hafsu, daga baya ya ƙara da ta Warshu, wadda ita ce muka gada a makarantun allo. A nan gida kuwa, tafsirin Shaihu Abubakar Gumi na Masallacin Sultan Bello ya shiga shaguna ta Rediyon Kaduna, sa'an nan kaset ya zo, yau ga wayar hannu. Karatu dai ya samu. Abin da ya rage mana shi ne sanin wanda za mu saurara, da lokacin da ya dace.

Imam Muslim ya kawo gargaɗin Ibn Sirina a gabatarwar Sahihinsa, cewa mutum ya binciki wanda yake karɓar addini daga gare shi. Mai karanta mana littafi a na'ura malami ne da muka zauna gabansa, ko da ba mu gan shi ba. Saboda haka mu nemi abu uku gare shi. Na farko, a san sunansa da malaman da ya yi karatu wurinsu. Na biyu, harshensa ya kuɓuta daga lahani, domin wasali ɗaya idan ya goce a Larabci yakan mai da wanda ya yi aiki ya zama wanda aka yi wa. Na uku, ya bambanta maganar mawallafi da tasa fassarar. Hikimar da ta sa ke nan a majalisin tafsiri ake da alaramma mai jan baki daban, malami mai fassara daban. Daɗin murya alheri ne, amma shi ne na ƙarshe a ma'auni. Mu yi hattara kuma da guntayen karatu da aka yanke kai da gindi, da muryar na'ura mai kwaikwayon mutum, wadda babu wanda za a tuhuma idan ta yi kuskure.

Sai batun lokaci. Aya ta 204 a Suratul A'arafi ta yi umurni da saurare da yin shiru idan ana karanta Alƙur'ani. To, ina ladabi ga ɗan kasuwar da ya saki tilawa da ƙarfi, alhali yana ciniki yana rantsuwa a kan farashin shadda? Gara ya kashe har mai saye ya tafi. Lokacin jera kaya, ko zaman jiran ciniki, ya isa a saurari tarihin Annabawa ko babin ciniki na Risala.

Ma'aikacin Gwamnati kuwa nasa ya fi nauyi, domin sa'o'insa an riga an saye su da albashi. Akawun da ya toshe kunne, tsoho mai neman fansho yana tsaye a gabansa, ya tuna Suratul Muɗaffifina ta yi magana a kan masu karɓa da cikakken mudu su bayar da tauyayye. Aikin lissafi ko rubuta wasiƙa ba ya haɗuwa da saurare, lalle ɗayansu ya tauye. Ya bari sai lokacin hutu, ko a hanyar komawa gida.

Abin da muka ji bai warware mana ba kuwa, mu riƙe shi mu kai wa malamin unguwa bayan Magariba, domin na'ura ba ta amsa tambaya. Allah Ya sa mu dace, amin.