Tseren Mota na Kwamfuta: Gaskiyar Magana da Ƙarin Gishiri

Zantuka biyu ne suke yawo a bakin jama'a game da wasannin tseren mota na kwamfuta, kuma duk wanda ya ɗora su a mizanin adalci zai tarar kowannensu ya wuce haddi.

Masu cewa shagala ce ta yara kurum, wadda ba ta da nasaba da tsere na haƙiƙa, hujja ta riga ta kayar da su. A shekarar 2008 kamfanonin Nissan da Sony suka kafa gasar GT Academy domin zaƙulo gwanayen wasan Gran Turismo, kuma Jann Mardenborough, saurayin Birtaniya da ya lashe ta a 2011, shi ne ya zo na uku a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa, a 2013. Sababin haka a bayyane yake, domin masu ƙera irin waɗannan wasanni, kamar iRacing, sukan auna filayen tsere da hasken leza, har gargadar kwalta da karkatar kowace kwana su fito yadda suke, ta yadda mai wasa zai haddace inda ake taka birki da inda ake sakinsa tun bai taɓa ganin filin da idonsa ba. Shi kansa Max Verstappen, wanda ya sha zama zakaran Formula 1, yana cikin masu lizimtar wasan iRacing.

Amma da'awar cewa wanda ya ƙware a gaban allo ya zama direban tsere, wannan kam ba ta inganta ba, kuma ita ce ta fi damuna saboda haɗarin da ke tattare da ita. Sitiyarin wasa yana iya girgiza tafin hannu, sai dai ba ya ɗora wa wuyan mutum nauyin da ya kai ninki biyar na kansa, kamar yadda kwana mai tsanani take yi wa direban Formula 1. Ba ya kawo zafi irin na tseren Ƙatar na 2023, inda Esteban Ocon ya yi amai cikin hular kwanonsa. Ba ya kuma sanya tsoro a zuciya, tun da wanda ya daki katanga a wasa maɓalli zai danna ya sake farawa. Mardenborough ma sai da ya yi watanni yana horo, ya sami lasisin tsere, kafin a amince masa, kuma duk da haka a 2015 motarsa ta tashi sama a filin Nürburgring na Jamus, ɗan kallo guda ya rasu.

Wasan yana karantar da ilimin hanya da dabarun tsere, wannan tabbas ne. Juriyar jiki da dakewar zuciya kuwa, sai a cikin motar ake samunsu.